Babi na Biyar: Wai Ina Wasanninmu na Talabijin Suka Shiga?

Wai ina wasannin nan da muka tashi muna kallo a talabijin suka shiga? Duk wanda ya saba zama a majalisun unguwar Mafoni ta Maiduguri bayan la'asar ya sha jin wannan tambaya, haka ma mai zuwa gidan suna ko gidan biki inda iyaye mata ke hira. Da an ambaci Samanja sai ka ga fuska ta washe. Wani ya miƙe ya kwaikwayi yadda yake daka wa kurata tsawa, wani ya tuno Karkuzu, wani ya ce ai ba a yi kamar Golobo ba. Ana cikin dariya sai wani matashi ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, “To Baba, a ina zan same su in kalla?” A nan hirar kan yi sanyi. Abin da za a iya nuna masa bai wuce 'yan guntaye masu dishi-dishi da wani bawan Allah ya ɗora a YouTube ba.

Akwai wata tambayar kuma da matashin bai furta ba don kunya, amma tana ransa: to in sun ɓace sai me, ba wasa ba ne? Wannan babi amsar tambayoyin biyu ne, kuma tun daga farko zan faɗi inda na tsaya. Wasan kwaikwayon da gidajen talabijin namu suka shirya da hannunsu yana cikin manyan dukiyoyin da ƙasar nan ta tara bayan samun 'yancin kai, mu kuwa mun yi masa riƙon sakainar kashi.

Kafin akwatin ya iso Yerwa

Hoto mai motsi ya riga talabijin zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Tun zamanin Turawa akwai majigi. Mota ce ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a tara jama'a a nuna musu fim kan tsabta ko noma ko kiwon lafiya. Dattawa da yawa ba su manta da Baban Larai ba, wanda aka yi don jan hankalin manoma zuwa sababbin dabarun noma. Tun a lokacin hukuma ta gane cewa gargaɗin da aka naɗe cikin labari ya fi shiga kunne.

Talabijin ya fara ne a Ibadan a 1959, zamanin gwamnatin Obafemi Awolowo ta Jihar Yamma. Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sai dai hoton Kaduna ba ya kaiwa Borno, nisan ya yi yawa. Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976, kuma a cikin shekarun 1970 ɗin ne garin ya samu tashar kansa. A 1977 gwamnatin soja ta kafa NTA, ta tattara tashoshin ƙasar duka ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Siyasar Jamhuriya ta Biyu ce ta sake buɗe ƙofa. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar mallakar gidajen talabijin, gwamnonin da ba 'yan NPN ba kuwa suna ganin NTA ba ta yi musu adalci. Abubakar Rimi na PRP ya kafa CTV a Kano, wadda yau ake kira ARTV. Zamanin Mohammed Goni na GNPP Borno ta samu BRTV. Niyyar farko siyasa ce, ba wanda zai musa, amma ribar ta faɗo wa masu wasan kwaikwayo, domin tashar da aka buɗe dole a cika mata sa'o'inta, kuma labarai da jawabin gwamna ba sa cika dare.

Mafoni wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari. Tsohon mazauni ne da ya riga birnin Yerwa, wato Maiduguri, wanda Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinsa a 1907, kuma a nan Turawa suka fara kafa sansaninsu. Yau unguwa ce a cikin gari inda za ka ji Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa a layi ɗaya. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri kunnensa a buɗe yake, da ɗan wasa ya buɗe baki zai gaya maka ko na Kano ne ko na Sakkwato ko ɗan gida.

Dare ɗaya a tsakar gida

A farkon shekarun 1980 ba kowane gida ke da talabijin ba. A layi guda mai yiwuwa gida ɗaya ne ko biyu, galibi na ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ya je Makka ya dawo da ita. Tashar ma ba ta wuni tana aiki, sai da yamma take buɗewa, ta rufe cikin dare. Ranar da za a nuna wasa, tun kafin magariba yaran layi sun yi wanka sun fara zarya a ƙofar gidan. Bayan isha'i sai a fito da akwatin tsakar gida saboda zafin Maiduguri, a ɗora shi kan tebur, a yaye ƙyallen da uwargida ta rufe shi da shi. Yara a gaba kan tabarma, mata a gefe sun lulluɓa da lafaya, ƙamshin turaren wuta na tashi, maigida da baƙinsa a kan kujeru daga baya.

In hoto ya fara rawa sai a tura wani yaro ya kama doguwar sandar eriya yana juyawa, ana yi masa ihu daga ciki: “Ƙara kaɗan! Ya yi! A'a, ka wuce, dawo!” In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, gaba ɗaya layin ne ke yin salati tare. Mai dabara ya tanadi batirin mota.

Abin lura a nan shi ne kaka da jika suna kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kakar da ba ta jin Hausa sosai tana taɓa jikarta ta ce da Kanuri, me ya ce? Jikar ta fassara, dariyar kaka ta zo a makare, sai kowa ya sake yin wata dariyar. Washegari a makaranta da kasuwa da ofis zancen ɗaya ne. Wanda bai kalla ba ma sai ya ji labarin tiryan-tiryan kafin azahar. Su ma masu shirya wasan sun san da wannan zama, sun san suruki da surukarsa na iya kasancewa a tsakar gida ɗaya, don haka suke auna magana. Za a taɓa kishi, a taɓa cin hanci, a taɓa auren dole da mugun alƙali, amma da harshen da ba zai sa wani ya tashi ya bar wurin ba. Wannan gwaninta ce babba, kuma ba kowa ya gaje ta ba.

Su wane ne suka yi aikin

Yawancin 'yan wasan ba sana'arsu ke nan ba. Ma'aikatan gidan rediyo da talabijin ne, da malaman makaranta, da akawuna, da 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni da suka saba hawa dandamali. Sau da yawa babu rubutaccen wasa mai ɗauke da kowace kalma. Furodusa ne zai tara su ya faɗi ƙashin labarin: kai ne maigida, ka ci bashi ka ɓoye wa matarka, ke kuma kin ji a bakin maƙwabciya, kai kuwa mai bin bashin za ka yi sallama ana cin tuwo. Sauran magana daga kansu take fitowa. Shi ya sa Hausar wasannin take da rai. Karin magana da habaici da zaurance suna zuwa ne a inda suka dace, don bakin da ya saba da su ne ke furta su.

Ɗauki Samanja. Usman Baba Pategi, wanda aka haifa a 1942 a Pategi ta ƙasar Nufe, ma'aikacin gidan watsa labarai na Kaduna ne kuma tsohon soja. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000, ta yadda bayan yaƙin kusan kowane babban gari ya wayi gari da bariki a gefensa, mutane na tsoron soja, soja na ganin farar hula ba su san darajarsa ba. Samanja Mazan Fama ya shiga wannan tsakanin. Ya nuna soja a gidansa, da matarsa, da bashinsa, da shirmen yaransa irin su Mutuwa Dole, yana magana da Hausar bariki mai gauraye da gurɓataccen Turanci. Farar hula suka yi dariya, sojoji ma suka yi, domin ɗan cikinsu ne ke yi. Ban san wata lacca da ta rage wannan tsoro kamar yadda wasan nan ya rage shi ba.

Haka kowane gari da gwanayensa. Kaduna na da Kasimu Yero, Jos na da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, Sakkwato na da Golobo, Kano kuwa ta fitar da su Kuliya Manta Sabo da Taskira da Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa. A Maiduguri ma NTA da BRTV sun riƙa shirya nasu da Kanuri da Hausa, da 'yan wasan da za ka iya cin karo da su washegari a Monday Market suna cefane.

Abin da wasa ke yi wa ƙasa

Nijeriya ƙasa ce da mutanenta da yawa ba su taɓa taka yankin juna ba. Mutumin Mafoni na iya tsufa bai je Enugu ba, na Enugu kuma bai san inda kogin Ngadda yake ba. A shekarun da NTA ke haɗa tashoshinta su nuna shiri ɗaya a lokaci ɗaya, talabijin ne ya gabatar da su ga juna. Village Headmaster, wanda ya fara a Legas a 1968 ya kuma yi kusan shekara 20 ana nuna shi, ya kawo mana ƙauyen Yarabawa da fadarsa da gulmarsa. New Masquerade ya kawo Zebrudaya daga Enugu. Mu kuma muka aika musu da Samanja.

Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980, shi ya fi nuna abin da nake nufi. An ɗauke shi a kewayen Jos, Peter Igho ne ya jagoranci aikin, bankin UBA ya ɗauki nauyi, Bongos Ikwue ya yi waƙar buɗewa. Labarin iyali ne da zaman birni ya ƙi musu suka koma gona, a daidai lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ke kiran a koma noma. Kasimu Yero ya fito a Gaga, Sadiq Daba ya fito a Bitrus. Da Turanci aka yi shi, amma gonar tamu ce, rigimar gado da ƙyashin dangi namu ne, kuma mutanen Kudu da yawa a nan suka fara ganin ɗan Arewa a matsayin mutum mai gida da buri da damuwa irin tasu. Daga baya NTA ta mayar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan talabijin, yaran da ba su taɓa riƙe littafin ba suka san shi.

Akwai wani aiki kuma da wasannin nan suka yi ba tare da sun yi niyya ba, wato adana kamannin zamaninsu. Littafin tarihi zai gaya maka wanda ya yi gwamna da shekarar da aka yi juyin mulki. Ba zai nuna maka yadda mace ke durƙusawa ta gaida surukinta a 1983 ba, ko ɗinkin da ake yayi, ko irin kwanukan da ake jerawa a ɗakin amarya, ko kalmomin da ake ciniki da su kafin Turanci ya cika bakinmu. Duk wannan yana cikin kaset ɗin wasa na rabin awa. Wanda ya goge shi ya goge shaidar yadda iyayensa suka rayu.

Inda aka yi sake

Kuma an goge da yawa. Kaset ɗin da tashoshi ke ɗaukar shiri a kai daga waje ake sayo shi, da tsada. Da tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin SAP na 1986 da faɗuwar darajar naira, sai tashoshi suka koma ɗaukar sabon shiri a kan tsohon kaset. Wasan da aka sha wahala aka shirya sai a ɗora masa bikin buɗe rijiyar burtsatse. Manomin kirki ko yunwa ta kai ina ba ya cinye irin da zai shuka baɗi, mu kuwa irin muka cinye. Wanda ya tsira daga gogewa kuma zafi da ƙura da ɗigar rufi suka gama da shi a ɗakunan ajiya, na'urorin da ke iya karanta shi suka mutu ba a gyara ba.

A lokaci guda aka ce wa gidajen talabijin su nemi kuɗin kansu. Shirya wasa yana cin kuɗi, saka fim ɗin Indiya ko dogon wasan soyayya na Meziko kuwa arha ne, ga 'yan talla na so. A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, sannan ga tauraron ɗan'adam ya shigo da tashoshin duniya har cikin ɗaki. 'Yan wasan da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba suka nemi wata hanya.

Hanyar ita ce bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwar kaset ta buɗe har ta zama abin da ake kira Kannywood. Wasu dattawa kan ɗora wa Kannywood laifin kashe wasan talabijin. Ban yarda da su ba. Waɗanda suka kafa ta a ƙungiyoyin wasa da gidajen talabijin suka koyi aikin, kuma sun fita ne don gidan da ya raine su ya daina ciyar da su. Abin da ya canja shi ne wanda ake yi wa wasan. A da ana yi ne don tsakar gida mai kaka da jika, bidiyo kuwa dole ya faranta wa mai fitar da kuɗi ya saya, shi ya sa soyayya da waƙa da rawa suka rinjayi komai.

Maiduguri a idon kyamara

Wannan rashi ya fi yi wa Maiduguri ciwo fiye da kowane gari a Arewa, ga dalili. Tun daga Yulin 2009 kyamarori ba su daina kallon garin nan ba, amma abu ɗaya suke nema: hayaƙi, gawa, sansanin 'yan gudun hijira, soja a kan mota. Ka ce wa mutum a Legas ko Landan daga Maiduguri kake, ka dubi yadda fuskarsa za ta canja. Masu ɗaukar hoton na gida ma sun biya da rayukansu. A Oktoban 2011 aka harbe Zakariya Isa, ma'aikacin NTA Maiduguri, Allah ya jiƙansa. A shekarar aka hana hawa babur a garin, a 2013 aka katse layukan waya na tsawon watanni, dokar hana fita ta mayar da magariba tsakar dare. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. A irin wannan hali wa zai tara mutum ashirin a layi da kyamara ya ce wasa zai ɗauka?

Amma a duk tsawon shekarun nan ba a daina rayuwa a Mafoni ba. An yi aure, an yi wushe-wushe, an yi suna. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya karɓi dangi daga Bama da Gwoza da Baga, aka raba ɗaki da tukunya, aka yi zumunci aka kuma yi faɗa a kan layin ruwa. Ɗan acaɓa ya koma tuƙa Keke Napep. Matasa suka ɗauki gora suka tsare unguwanninsu. Uwa ta riƙa tsayawa a zaure tana jiran ɗanta kafin lokacin hana fita ya cika. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa wasa mai dogon zango, da dariyarsa da kukansa. Labaran ƙarfe tara ba za su iya ba da su ba, aikin wasan kwaikwayo ne.

An yi fina-finai kan rikicin. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020, an ɗauke shi a Taraba, yawancinsa da Hausa, kuma ya ci kyaututtuka. Aiki ne mai kyau, ina kuma yaba masa. Sai dai wanda ya zo daga nesa bala'in yake fara gani. Ɗan gida ne ya san abin da aka dafa a ranar, da barkwancin da aka yi a makabarta don zuciya ta samu sauƙi.

Wasan ya dawo ta wata ƙofa

Masu cewa mutanen yanzu ba sa son irin wasan da, tashar Arewa24 ta ba su amsa. An buɗe ta a 2014, a 2015 ta fara Daɗin Kowa, labarin wani gari da aka ƙirƙira mai malamin tsangaya da mai shayi da dillaliya da ɗan sanda da maƙwabta Kiristoci. Babu manyan taurari a farkonsa, babu gidajen alfarma, amma ya kama mutane har ya ci kyautar AMVCA a 2016. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019 da siyasar jihar Alfawa, Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya zo da barkwancin gado, Labarina na Aminu Saira ya fara a 2020, Izzar So kuma ya nuna cewa a YouTube kaɗai ma ana iya tara jama'a mako-mako.

Je ka shagon masu tura fina-finai a waya a kowace unguwa ta Maiduguri washegarin fitar sabon kashi. Yaro na zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a gabansa kowace da igiyarta, mata sun aiko ƙannensu da kati a naɗe cikin takarda. “Oga, na jiya ya sauka?” Ita ce tambayar da zai yi ta amsawa har dare. Ƙishirwar tana nan yadda take a zamanin eriya.

Sai dai ka lura da abin da ake turawa. Kusan duka labarin Kano ne, da Hausar Kano, da unguwannin Kano, in ba fassarar Indiya ba. Ba laifin Kanawa ba ne, sun tashi sun yi nasu. Amma yarinyar Mafoni za ta kalli kashi ɗari ba ta ga ana yi wa amarya irin kwalliyar gidansu ba, ba ta ji an gaida dattijo yadda ake gaida kakanta ba. In an sako mutumin Borno a wasa, sau da yawa don a kwaikwayi karin harshensa ne a yi dariya. Jihar da ke da Kanuri da Shuwa da Babur-Bura da Marghi da sauran harsuna, ga daular da ta haura shekara dubu, ta fi ƙarfin ta zama 'yar kallo kawai. Matasan garin suna ƙoƙari da wayoyinsu da ƙananan kyamarori, suna fitar da gajerun wasanni da Kanuri da Hausa, amma ƙoƙarin da babu tasha a bayansa, babu mai ɗaukar nauyi, bai cika yin nisa ba.

Yadda ake karrama wasa

Idan aka ce a karrama wasannin gida, abin da ke fara zuwa ran jami'ai shi ne a kama zauren otal, a yi jawabi, a miƙa allon yabo. Ba na raina wannan, amma shi ne mafi ƙanƙanta. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Samanja a Nuwamban 2023, Allah ya gafarta musu. Karkuzu sai da ya fito ya nemi taimako a bainar jama'a cikin tsufa da rashin lafiya, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Mutanen da suka yi shekaru suna faranta wa miliyoyi rai bai kamata ƙarshensu ya dogara da tausayin mutum ɗaya ba. Waɗanda suka rage da rai, a Maiduguri da sauran garuruwa, yanzu ne lokacin da za a zauna da su da kyamara, su faɗi yadda aka yi aikin, wa ya ƙirƙiri wane suna, wane wasa ne ya jawo musu fushin hukuma.

Sai kaset. Abin da ya faru da fim ɗin Shaihu Umar ya isa ya ba mu ƙwarin gwiwa. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wato abin da ake zaton ya tafi yana iya kasancewa a bayan wata ƙofa da aka daɗe ba a buɗe ba. Hukumar fina-finai ta ƙasa tana da ma'ajiya a Jos don irin wannan aiki, Jami'ar Maiduguri kuma tana da ɗalibai masu karatun aikin jarida da za su iya zama su tantance kaset ɗaya bayan ɗaya a mayar da shi cikin kwamfuta. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga har fadar Shehu da Monday Market da asibitin koyarwa, ta nuna mana cewa abin da ke ajiye a kwali a ƙasan ɗaki dare ɗaya ya ishe shi. Ba tashoshi kaɗai ba, akwai gidajen da suka ɗauki wasanni a kaset ɗin bidiyo tun shekarun 1980 suka jefa a ƙarƙashin gado. Mai karatu, in akwai irinsa a gidanku, kada a zubar, kada kuma a bar shi a rana.

Abin da aka ceto kuma a nuna shi. A Masar, watan azumi shi ne lokacin da tashoshi ke gasar fitar da sababbin wasanni, iyali su taru bayan buɗa-baki, kuma wannan al'ada tana cikin abin da ya sa Larabcin Masar ya zama wanda ake ganewa a duk ƙasashen Larabawa. Burkina Faso, da ba ta kai mu arziki ba, tana gudanar da bikin FESPACO a Wagadugu tun 1969. Me zai hana BRTV ta ware dare ɗaya a mako don tsofaffin wasanninta, ko a kafa farin ƙyalle a filin Dandal lokacin bikin Sallah, a nuna tsohon wasa ɗaya da sabo ɗaya na yaran gari, a zaunar da tsofaffin 'yan wasan a sahun gaba? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Nuwamba a matsayin ranar talabijin, UNESCO kuma ta ware 27 ga Oktoba don adana sauti da hoto. Ranakun suna nan, kowace shekara suna wucewa ba mu yi komai da su ba.

Mafi girman karramawa dai ita ce a ci gaba da yin sabo. A ba marubuci ɗan Mafoni ko Gwange ko Hausari dama ya rubuta labarin layinsu, a ɗauke shi a layin, da harshen da ake magana a layin, a kuma biya kowa haƙƙinsa. Nan ne maganar ke komawa kan kuɗi, domin kyamara da man janareta da abincin 'yan wasa ba da fatan alheri ake sayensu ba. Wa ke biyan kuɗin wasan da muke kallo kyauta, nawa mai talla ke bayarwa, me YouTube ke mayar wa furodusa, kuma me ya sa mai tura fim a waya ke samun abin da wanda ya shirya fim ɗin bai samu ba? Wannan shi ne zancen babi na gaba.